Daga Ƙofar Lambu zuwa Jar Fitila

"Kar ki riƙe ni," in ji Man-sik, yana janye hannunsa. "In kin riƙe, Hye-rim za ta ce an yi maguɗi."

Matarsa Sun-rye ta sake shi, ta ɗaga wayar da take ɗaukarsa bidiyo da ita. "To tafi, sarkin taurin kai. In ka faɗi, ni dai ba mai ɗaga buhu ba ce."

Wata huɗu ke nan da yi masa aiki a ƙugu. 'Yarsu Hye-rim ta kafe sai sun bar Busan sun koma wurinta a Seoul. Da gardama ta ƙi ƙarewa, aka yi sharaɗi: in ya taka daga ƙofar sabon lambun bakin teku har jar hasumiyar fitilar jirage da ke ƙarshen gaɓa, ba sanda, ba zama, za ta ƙyale su.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa injin ɗaga kaya a tashar jiragen ruwan nan, amma yau da ƙyar yake gane wurin. Inda ake jibge kwantena an shuka ciyawa, mata na tura kekunan jarirai a kan gadar katako. Warin baƙin mai ya tafi, sai iskar gishiri da ƙanshin kofi.

"Nan ofishin shugabanmu yake," ya ce, yana nuna wani ɗan gini.

"Ban-ɗaki ne yanzu."

"Ai da ma."

Ta yi dariya har wayar ta girgiza.

Da ya wuce rabi ƙugun ya fara zugi. Ya cije, ya sa ido a kan wani farin jirgi da ke fita zuwa Japan, yana jan ƙafa a hankali har ya kai. Ya mari jikin fitilar da tafin hannu, ya juyo yana haki.

"Kin gani ko?"

Ba ta bayansa. Can nesa ya hango ta a kan benci, wayar a cinyarta, tana murza gwiwoyi.

Ya komo ya zauna kusa da ita.

"Na ɗauka daga nan, Baban Hye-rim," ta ce. "Ka fito ƙarami, amma kai ne."

"Tun yaushe gwiwar nan?"

"Tun bara."

Gidansu na kan tudu, matakala ɗari da ashirin daga titi. Duk watannin da yake kwance, ita ke hawa da sauka da cefane.

"Me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa, yarinyar nan ta kwashe mu? Kai da ba ka iya karyawa sai kana kallon jirage ta taga?"

Ya tashi ya je wurin wata mai tsiren kifi, ya sayo tsinke biyu da kofin romo mai zafi.

"Tura mata bidiyon," ya ce. "Seoul kam ba za mu ba. Amma ki ce ta zo ran Asabar ta taya mu neman gida a ƙasa, nan kusa."

"Tagar fa?"

"Ga jiragen nan. Sai mu riƙa zuwa da ƙafa."

Ta karɓi kofin ta hura.

"Da ƙafarka dai," ta ce. "Ni a bencin nan za ka riƙa samuna."