Azumin da Ake Shan Ruwa

Aina'u ta sake goge wuyanta da bakin mayafi, ta harari fankar da ke rataye a saman ɗakin jira, wadda ba a san rabonta da juyawa ba. Zafin nan ne ya taso mata daga ƙirji zuwa fuska, wanda ya zame mata baƙon dole tun da jininta ya ɗauke bara waccan. Masu ciki sun cika bencin asibitin, kowacce da katinta a hannu. Ita kaɗai ce tsohuwa a cikinsu, kuma ta san ba wurinta ba ne.

Uwa ba ta raka 'yar fari awo. Aina'u ko sunan Mubina ba ta taɓa kamawa ba tun ranar da aka raɗa shi. "Yarinyar nan" take cewa, ko ta ce "ke". A shekara huɗun da aka yi da kai ta gidan Shafi'i a wani ƙauye gabas da Gezawa, ko ruwan randarsu ba ta taɓa kurɓa ba, balle ta sa hannu a kwanonsu. In ta je, a tsaye take gaisawa da matan gidan, ta ajiye ƙullin daddawa da kuka, ta juya. Haka ta ga uwarta ta yi, kuma ba ta taɓa jin nauyin hakan ba.

To, amma mahaifiyar Shafi'i ta rasu, kuma saƙo ya iso ta bakin ƙanwar Aina'u cewa yarinyar ta yi ɓatan wata har uku, ba a kai ta an duba ba. Tun ranar ta fara tara itacen wankan jego a bayan rumbu, ta sayi kanwa ta ɓoye, ba ta ce wa kowa komai ba. Da ta zo da safen nan ta ga yadda zani ke neman zagaya yarinyar sau biyu, sai ta ce a ranta laulayi ne, amma ta ce mata ta ɗauko hijabinta su tafi.

Malamar asibitin ta leƙo ta yafito Aina'u. Mace ce mai jiki, sunanta Ummu Salma. Mubina na zaune a bakin gadon gwaji, kanta a ƙasa.

"Inna, ke ce mahaifiyarta?"

Aina'u ta kawar da kai ta dubi bango. "Daga gidanmu take," in ji ta.

Malamar ta gane, ba ta ja ba. Ta ce ta gwada fitsari, ta sake gwadawa, ta taɓa mara, babu ciki. Ba ɓari aka yi ba, da ma can babu shi. Aina'u ta tuna itacen da ke bayan rumbu. Ta tambaya, to jinin fa, ina ya tafi? Malamar ta ce ita ma abin da ta tambaya ke nan, kuma gara yarinyar ta maimaita da bakinta abin da take ci a wuni.

Da ƙyar maganar ta fito, kamar ana zaro ta da ƙugiya. Shafi'i yana jan a-daidaita-sahu a Kano. Wani fasinja ya nuna masa bidiyo a waya, na wani sabon azumi da ake yi don lafiya: a sha ruwa, a sha shayi ba sukari, amma kada a ci komai sai an yi awa goma sha shida. Ya gwada, tumbinsa ya sauka, gwiwarsa ta daina ciwo. Sai ya ci karo da wata mata a wayar tana rantsuwa cewa azumin yana wanke mahaifa, yana daidaita sinadaran jikin mace, ita ma da shi ta samu haihuwa. Bayan Babbar Salla Mubina ta fara. Da wata ya zagayo ta ga jini, sai ta ce ƙila ba ta matsa ba ne, ta ƙara ja, ta mai da shi ci ɗaya a wuni, bayan la'asar. Litinin da Alhamis kuma ga azumin nafila da ta saba. Da jinin ya ɗauke sai suka yi murna, ita kuma ta ƙi dainawa, wai abin da ya kawo cikin shi zai riƙe shi. Jirin da take ji, da gashin da ke bin mataji, duk ta ɗora wa laulayi.

Aina'u ta tsaya tana kallon 'yarta kamar yau ta fara ganinta. Yarinyar nan ƙuli-ƙuli take yi na sayarwa. Ita ke suyar gyaɗa, ita ke tuƙin tunkuza har mai ya fito, ita ke jan guga, ga surfe ga daka yanzu da kaka ta yi. Ashe duk wannan da cikin da babu ko koko take yinsa, tana soya abin da ba za ta ɗanɗana ba. Wai a gidan manomi, rumbu cike, a watan da ko kaji ke ture tsaba.

Malamar ta yi bayani a natse. Ta ce jikin mace yana da lissafinsa: in ya ga abinci ya yi ƙaranci ga aiki ya yi yawa, sai ya ɗauka fari ake yi, ya rufe ƙofar haihuwa tukuna, ƙwai ya daina fita, al'ada ta tsaya. Akwai matan da rage ci yake taimaka wa, masu ƙibar da ta hana su, su ma da shawarar likita. Amma Mubina ba ta da abin ragewa. In ta koma cin abinci sosai, galibi jinin yakan dawo. In bai dawo ba, a kai ta babban asibiti a birni. Ta ƙara da cewa shekara huɗu ba haihuwa ba maganar mace kaɗai ba ce, maigidan ma ya kamata a gwada shi.

A tasha, kafin motar ƙauye ta cika, Aina'u ta sayi awara mai zafi ta miƙa mata. Mubina ta girgiza kai, ta ce lokaci bai yi ba. Sannan ta faɗi abin da ya ƙarasa ƙona ran uwarta.

"Inna, ƙila ni ce ban yi shi daidai ba. Matar ta ce sai an daure."

Aina'u ta san in ta buɗe baki a tashar nan sai an taru. Ta ƙulle awarar a gefen mayafi. Duk tsawon hanya, motar na ratsa gonakin dawa da dammunan gero da aka jera a bakin titi, ita kuwa tafasa take yi. Tana jin haushin matar wayar da ba ta san Mubina ba, ba ta san nauyin muciya ba, amma ta shigo har ɗakinta ta ƙwace mata kwano. Tana jin haushin Shafi'i, mutumin kirki mai saurin yarda, wanda ya auna jikin matarsa da nasa tumbin. Azumi dai ta san shi tun tana 'yar ƙwailarta: a yi sahur, a kame, a sha ruwa da magariba, a sa ran lada. Wannan kuwa ba sahur, ba lada, ba ranar Salla. Kuma da tana zama a gidan ko na cin tuwon rana ɗaya, da tuni ta ga kwanon da ba a taɓawa.

Suka tarar da Shafi'i ya dawo da wuri, kekensa a ƙofar gida. Ya sayo kankana da tsire a takarda, yana jiran albishir. Da ya hango surukarsa sai ya cire takalmi, ya durƙusa can nesa kusa da turken awaki, ya shiga jero gaisuwa kansa a sunkuye. A al'ada daga bayan ƙyaure take amsa masa, a taƙaice. Yau ta wuce shi ta nufi madafa.

Matar wan Shafi'i, Ummukulthum, ta fito da sauri tana cewa Inna ta kawo a yi mata, me take bukata? Aina'u ta ce garin ɗanwake da kanwa kawai za a miƙo mata. Ta hura wuta da kanta, ta ɗora ruwa, ta kwaɓa, ta shiga sakawa. Gumi na zuba daga goshinta, na murhu da na shekaru. Matan gidan suka yi cirko-cirko, don ba a taɓa ganin surukar gida a bakin murhun nan ba. Mubina ta shige ɗaki. Shafi'i ya bi ta, jim kaɗan ya fito fuskarsa ta canja, ya koma inda ya durƙusa ɗazu ya zauna a ƙasa.

Aina'u ta tsame ɗanwaken a babban kwano, ta kwarara masa man gyaɗar da Mubina ta tatsa da hannunta, ta barbaɗa yaji, ta juye awarar a kai. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a inuwar darbejiya, inda kowa zai gani. Rana tana tsaka. Sannan ta juya ta dubi mijin 'yarta ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Malam Shafi'i, matso nan."

Ya matso da gwiwa. Ya fara ba da haƙuri, yana cewa wallahi alheri ya nufa, shi ya ga amfanin abin a jikinsa, kuma ya gaji da ganin tana kuka duk ranar sunan wani.

"Na san alheri ka nufa," in ji Aina'u. "Amma kai a zaune kake wuni a kan katifar keke. Ita fa? Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ni da na haura hamsin jinina ya tafi, na sallama, lokacinsa ne. Ita da ko talatin ba ta kai ba kun kore mata nata da yunwa, kuna ta murna. Garin neman gira za ku rasa ido."

Ta gaya masa malamar ta ce shi ma a gwada shi, kuma ranar da zai je ba sai ya tambayi waya ba. Wata daga cikin matan ta kama baki. Shafi'i ya ce to, a hankali, idonsa ya kawo ruwa.

Saura mai wuyar. Aina'u ta san halin abin da ta haifa: in ta ƙulla abu a ranta, ko mijin ya ce ta ci, za ta ce to, ta jira la'asar. Wata huɗu ta yi tana gina begenta a kan yunwar nan, kuma ci yanzu kamar yarda ne cewa duk wahalar ta tafi a banza. Ummukulthum ta leƙa ɗakin ta lallashe ta, ta fito tana girgiza kai. Wai ta ce a ajiye mata, sai an kira la'asar za ta ci.

Aina'u ta zauna a kan tabarmar. Ta jawo buta ta wanke hannu. Ta yi bisimilla a fili, ta ɗebi ɗanwake ta kai baki, a gidan surukinta, a gabansa, a gaban matan gidansu. Kunya ta rufe ta har kunnuwanta suka yi zafi, amma ta haɗiye lomar. Gobe za a kai labarin har ƙauyensu, ta sani. A kai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ta juya wajen ƙofar ɗakin. Sunan ya yi mata nauyi a harshe kamar ba ita ta haifi mai shi ba.

"Mubina."

Tsakar gidan ta yi tsit, har ana jin awaki na tuƙa.

"Mubina, fito ki ci abinci da ni. Ba zan tashi daga nan ba sai kwanon nan ya ƙare, kuma ni kaɗai ba zan iya da shi ba."

Labulen ya motsa. Mubina ta fito ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon uwarta. Tun da ta zo duniya ba ta taɓa jin yadda sunanta yake a muryar nan ba. Ta tako a hankali, ta durƙusa a gefen tabarmar, ta miƙa hannuwa. Aina'u ta zuba mata ruwan butar, sannan ta juya kwanon yadda gefen da mai ya fi taruwa zai koma gabanta.

Lomar farko da hawaye ta haɗiye ta. Ta biyun ba ta sha wuya haka ba. Aina'u ta rage saurin nata hannun, tana ɗan tsakura, tana tura sauran gaba ba tare da ta dube ta ba.

Lokacin da ladan ya kira la'asar, kwanon ya daɗe da bushewa a kife a bakin rijiya.