Tsirkiyar da Ba Ta Tsinke Ba

Duk ranar Lahadi, kafin a buɗe zauren otal, Baba Mai Jita yakan zauna a ɗakin canja kaya ya ɗauko reza ya kankare tsirkiya ta uku ta jitarsa. Aiki ne mai son natsuwa. In ya zurfafa, za ta tsinke tun a waƙar farko. In ya yi sama-sama, ba za ta tsinke ba sam. So ake ta tsinke a waƙa ta bakwai, daidai inda ta tsinke shekara talatin da ɗaya da suka wuce.

A wancan lokacin shi ne mai kaɗa wa Marigayi jita, mawaƙin da har yau tsofaffi ke lumshe ido in an ambace shi. Ranar da ake ɗaukar babbar waƙarsa a faifai, Marigayi ya bar masa fili a tsakiya ya yi kiɗa shi kaɗai. Wata biyu Baba ya yi yana tsara kiɗan nan a kansa. Ya fara ke nan, ko numfashi biyu bai yi ba, tsirkiya ta tsinke. Marigayi ya tuntsire da dariya, ya ce, "To, madalla," ya ci gaba da waƙarsa. Mai ɗaukar faifan ya ce dariyar ta yi daɗi, kada a sake. Haka aka fitar, haka duniya ta haddace.

Yanzu Marigayi ya daɗe a ƙasa, amma wani mai shirya wasa da ake kira Manaja ya haɗa ƙungiya mai kwaikwayonsa. Ya samo wani saurayi mai murya, wanda kowa ke kira Kwafi, ya sa masa irin tabaran Marigayi, ya koya masa karkatar da kafaɗa. Baba kuwa shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka yi faifan, don haka hotonsa ne a ƙofar zaure. Shekara shida ke nan tsirkiya na tsinkewa, Kwafi na dariya, jama'a na tafi. Kowa a duniya yana samun ya gyara kuskurensa ko ya manta da shi, amma shi Baba an ɗauke shi aiki ne don ya riƙa maimaita nasa mako-mako, cikin riga mai ƙyalli.

Abin yana cinsa, ya dai daure. Sau ɗaya ya taɓa roƙon Manaja a bar shi ya ƙarasa kiɗan.

"Baba, mutanen nan ba sabon abu suka zo ji ba," in ji Manaja. "Ƙuruciyarsu suka zo tunawa. Kada mu dame su."

"Sabon abin nan da kake faɗa ya girmi Kwafi," in ji Baba.

Manaja ya yi dariya, ya dafa masa kafaɗa, maganar ta mutu a nan.

Wadda ta tayar da ita 'yarsa ce. Nas ce, kuma ita ke murza masa yatsu da man zafi duk ranar Juma'a. Rannan ta lanƙwasa ɗan ƙaramin yatsansa na hagu, ya ƙi lanƙwasuwa. Ta gwada na kusa da shi, ta ga yadda ya cije leɓe.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba," ta ce. "Biyun nan sun fara sandarewa. Kafin shekara ta fita, da wuya su iya danne tsirkiya."

Tsoro ne ya kama shi, ba na rasa aikin ba. Kiɗan nan ba a rubuce yake ba, ba ya cikin faifai, ba wanda ya taɓa jin sa a kan jita daga farko har ƙarshe. A cikin yatsun nan kaɗai yake, kuma ga su suna shirin rufewa da shi.

Ran Lahadi da yamma ya ɗaura sabuwar tsirkiya, ya ja ta har ta daidaita. Manaja ya leƙo kamar yadda ya saba.

"An kankare, Baba?"

"Ban kankare ba."

"Reza ce babu? Ga tawa."

Baba ya karɓa. Ya bi farcensa ɗaya bayan ɗaya ya gyara tsaf, ya hure rezar, ya miƙa masa abarsa da godiya. Manaja ya dube shi, ya dubi agogo. Zaure ya cika, kuma ba wani mai jita a kusa.

"Ko ba ta tsinke ba, ka ɗage hannu ka tsaya a wurin," ya ce a hankali. "In ka wuce, kada ka zo mako mai zuwa. Da gaske nake, Baba."

"Na ji ka, ɗana."

Waƙa shida suka wuce lafiya. Aka shiga ta bakwai, jama'a suka gyara zama, wasu har sun fara murmushi tun kafin a zo wurin. Kwafi ya ja da baya, ya nuna Baba da hannu irin na Marigayi. Baba ya fara. Aka zo inda ake tsinkewa, tsirkiya ta tsaya ƙyam, shi kuma ya wuce abinsa.

Kwafi, da yake bakinsa ya riga ya saba, sai ya saki dariyar a kan kiɗan. Ta fito rabi ta maƙale. Ya tsaya da baki buɗe yana waige-waige, sai ka ce wanda ya sauka a motar haya a unguwar da ba tasa ba. Mai ganga ya ɗage sandunansa. Wani mai tumbi a layin gaba ya ce, "Ai ba haka take ba." Wasu suka taya shi guna-guni.

Baba ya yi kunnen uwar shegu da su. Ya sunkuyar da kai yana bin kiɗansa, yana hawa yana sauka yadda ya tsara shi tun yana da baƙin gashi. A wani wuri ƙaramin yatsan ya kasa, sautin ya fito a dushe. Bai tsallake ba. Ya koma baya, ya danne da ƙarfi har zafin ya kai masa gwiwar hannu, sautin ya fito tas. Can sai mai ganga ya shigo a hankali yana rakiya. Duka-duka abin bai wuce minti biyu ba. Da ya kai ƙarshe ya ɗaga kai ya dubi Kwafi, ya ce masa ta cikin lasifika, "Yanzu sai ka shigo."

Tafin da aka yi bai taka kara ya karya ba. Waɗanda suka yi, sun yi a tsaye. Sauran suka ƙame da fuska a murtuke.

A ɗakin canja kaya Manaja yana huci. "Ka ɓata waƙar Marigayi."

"Waƙarsa tana cikin faifai, ba wanda ya taɓa ta," in ji Baba. "Wannan filin kuwa ni ya bar wa, ba tsirkiya ba."

Ya tuɓe rigar ƙyallin, ya rataye ta a ƙusarta, ya ajiye maɓallin akwatin kaya a kan tebur.

'Yarsa na jiransa a bakin matakala, ko kayan asibiti ba ta cire ba. Ta karɓi jitar ta rataya. Idonta ya yi ja.

"Wannan ne fiton da kake yi in kana goge min kayan makaranta," ta ce. "Ban taɓa sanin a nan gurbinsa yake ba."

"A nan yake."

Suka fara sauka. Ta kama hannunsa na hagu ta duba. Yatsu biyun sun kumbura sun yi suntum.

"Mu je gida in murza maka, Baba."

Ya zare hannun a hankali ya sa a aljihu.

"Bar su su yi ciwonsu yau," ya ce. "Sun san abin da suka yi."