Sawun Zabo a Zanen Goyo

…a'a, ba nan ba, gaba kaɗan. Yatsa biyu tsakanin sawu da sawu, haka na yi wancan karon. In tsoma tambarin a kasko, in karkaɗe, in danna, in ƙirga uku a zuci, in ɗaga. Ya fito. Sawun zabo, yatsu uku, na tsakiya da ɗan giɓi. Saura layi huɗu zanen goyon nan ya cika, ga gabas kuma ta fara ɓata rai.

Ki tsaya mini mana. Da rana nake, ba da ke ba, 'yar Kudan. Ke ai ban taɓa ce miki ki tsaya ba.

Jibi suna. Azumi 'yar koli ta ce bayan azahar za ta biyo ta nan Gubuchi, ta kwana a Makarfi, gobe da hantsi tana Kudan. In bai bushe ba fa? Baƙin nan in ruwa ya taɓa shi da ɗanyensa shi ke nan, sawu ya narke, zane ya koma kamar an goge gindin tukunya da shi. Kwana uku ina jiƙa bagaruwa da kashin maƙera, dattin ƙarfen nan na murhunsu, na zuba ƙaro ya yi kauri don kada ya bi zare ya gudu… kwana uku, ga hannuna nan baƙi ƙirin har wuyan hannu, sai ka ce — Goggo, wace ce wannan mai baƙin hannun? Haka kika ce. Shekararki bakwai, an kawo ki gaida kakarki, kina riƙe da gefen zanen Madina, yayar babanki, kina leƙo ni. Mata suka fashe da dariya. Madina ta ce, Indo ce, matar babanki, gaishe ta mana. Matar babanki! Ba ta yi ƙarya ba kuwa. Ni kuma na ce, kai, wannan yarinya akwai surutu, na juya na shige madafa. Hayaƙi ne ya sa ni hawaye, kowa ya gani, itacen ɗanye ne.

Tsoma. Karkaɗe. Danna.

Ran Lahadi aka kawo goron. Ina tsakar gida ina daka, mutumin da Madina ta aiko ya tsaya daga bakin zaure yana faɗa wa Iya, kakar taki: Safiyatu ta sauka lafiya, an sami mace. Sunanki ke nan a bakin baƙo, ya faɗe shi kamar yana cewa gishiri. Iya ta rangaɗa guɗa da bakin nan nata marar haƙori, ni kuwa ko taɓarya ban bari ta yi tuntuɓe ba. Gero ya zama gari, ina ta dukansa. Uwar 'yar fari ba ta murna a ga haƙoranta, ba ta kiran suna, ba ta kallo a gaban mutane. Haka na tarar. Haka uwata ta yi wa yayana, har ta koma ga Allah “wancan” take ce masa, kowa na yabonta, mace mai kunya. Ni ma ana yabona. Indo ai shekara goma sha tara ba a taɓa jin sunan 'yarta a bakinta ba… Yabon nan, a wane kwano ake zuba shi a ci?

Yanzu haka kina bayan ɗakin Madina, ruwa na tafasa. Ita ke hura wutar, ita ke tsoma ganyen tsamiya tana fyaɗa miki a baya, ita ke dama kunun kanwa tana cewa shanye, shanye duka. Haƙƙinta ne. Yayar babanki ce, Allah bai ba ta haihuwa ba, ga 'yar fari kuma dama ba a barin ta a gaban uwa. Ranar yaye ta zo a kan jaki, da sabuwar atamfarta ta kanti mai ruwan ƙwai, ta kwance ki daga bayana ta ɗaura a nata. Ba ki ma farka ba. Zanen goyon ya rage a hannuna da ɗuminki a jiki, na rasa inda zan ajiye shi, sai na ɗauki tulu na tafi rijiya. Randa cike take, har tana zuba.

“Indo! Ruwa nake ji a hancina fa.”

Na ji, Iya. Makauniya ce amma hadari ba ya ɓoye mata. “Da saura, Iya, bai haɗu ba tukuna.”

“Bargon nawa ne ake ta yi wa ado haka tun safe? Makauniya da bargo mai sawun tsuntsu, wa zai gani, ɓeraye?”

Tana dariya tana tari. Ta sani. Tun ranar da na kai wa Tukur masaƙi zaren na ce bargon Iya za a saƙa, ta sani. Wata biyar ke nan, ranar da aka ce kina da ciki. Audugar nan ma ni na ɓoye ta a tukunya lokacin da ake kwashe ta gona zuwa awon Turawa, na gurje, na shiɓe, na kaɗa a hankali, siriri, don kada ya kankari fatar jariri. Falle shida Tukur ya ba ni. Na haɗa su da allura, baki da baki, ɗinki ƙanana kamar ƙwayar acca, in ka shafa da ido rufe ba za ka san inda falle ya ƙare ba. Bakin sama na ninka kalmasa biyu. Nan ne nauyi ke ja, nan ne ke cin ƙirji, wanda bai yi goyo ba ba zai sani ba… Madina ta sani? Wata nawa ta goya ki, ke da kika riga kika iya gudu?

Kai, Indo, bari. Matar nan ba ta yi miki komai ba sai alheri.

Layi uku.

Da atamfa na nan da ba wanda zai kalli wannan. Amma tun da yaƙin Turawa ya hana jirgi kawo kaya, kanti ya bushe, sai ga mata suna sallama, Indo a buga mini ganye, Indo a buga mini ƙwayar masara. Na sassaƙa musu tambari iri iri a sakaina, wa ma ya ƙirga. Wannan ɗaya ne ban taɓa buga wa kowa ba. Matar mai unguwa ta gan shi a cikin faifai ta ce shi take so, na ce ya lalace, ba ki ga giɓi ba?

Giɓin… kina haƙori, biyu na ƙasa, kina cizon duk abin da hannunki ya kai. Na ajiye shi a kan tabarma na juya in ɗaga zane, kika rarrafo. Kafin in waiwayo kin kai shi baki, ƙaras, kin ɓalle masa gefen yatsa, leɓɓanki baƙi kamar kin sha tawada, kina dariya. Mata na zaune, dole na fizge na ce, a ɗauke wannan abar daga nan, ta ɓata mini aiki. Sai da aka watse na kai ki bayan rumbu, na lashi yatsa ina goge miki baki, kina cizona ni ma. Wa ya gani? Kaji. Daga ranar duk sawun da na buga, ga haƙorinki a ciki. Na sake buga wa zanenki wani layi a ƙasa da gangan, don giɓin ya hau.

Da babanki na nan da shi zai kai. Zai rataya a kafaɗa ya ce ga saƙon mutanen gida, ya iya irin wannan maganar da ba ta kama kowa. Wata huɗu aka ce da aka ɗebe su zuwa haƙar kuza a Jos, yau wata bakwai, ko labari. Bai ma san ya yi jika ba. Gidan nan ni ce, Iya ce, sai awaki biyu. In na tafi suna wa zai kai ta bayan gida, wa zai sa mata tuwo a hannu? Kuma in na je ma me zan yi? Abin da na yi ranar bikinki: in zauna gindin murhu ina tuƙa tuwon baƙi, ana fito da ke a lulluɓe ina kallon muciya.

Su ukun da suka biyo bayanki, su na kira sunansu son raina. Usmanu, Usmanu, har maƙwabta suka gaji. Na yi musu rawa a gaban kowa, na cilla su sama. Ƙasa ta karɓe su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya kai yaye. A cikin tsohon zanenki na goya su duka, har ya mutu, ya zama tsumman sauke tukunya. Ke da ban kira ba ke ce kika tsaya. Wani lokaci nakan ce ko shirun nan ne ya tsare ki, ko da na buɗe baki da… astagfirullah. Astagfirullah. Tsoma.

Iska ta canza. Awaki sun shige ƙarƙashin rumbu. Layi ɗaya, ɗaya tak.

Duk abin da na taɓa aika miki da sunan Iya ya tafi. Ɗan kunne, Iya ce ta aiko. Daddawa, Iya ce. Hular da na ɗinka miki kina shekara huɗu, Iya, wadda ko ramin allura ba ta gani. Kika riƙa aiko mata da godiya, tana karɓa tana cewa Allah ya yi albarka, tana juyo da fuskarta wajen da take jin numfashina. Wannan karon ma sai a ce Iya, ba komai. Ba na bukatar baki. Za ki warware shi a gaban mata, ki ga sawun zabo layi layi, ki ga giɓin, gabanki ya faɗi. Ba za ki ce komai ba, ke ma yanzu uwar 'yar fari ce, kin fara koyon haɗiye magana. Amma za ki sani. Shekara biyu kina cikinsa, dare da rana, ya za a yi ki manta? Za ki ce a ranki, ashe mai baƙin hannun nan…

Na ƙarshe. Danna, ɗaya, biyu, uku. Alhamdulillahi. Dutse a kowace kusurwa, rana ki ba ni ko ɗan abin da za a dafa ƙwai — kai, iskar nan! Ta ɗage gefen, ta kifa shi. Tsaya, kada ya shafi ɗan'uwansa, a hankali…

Fari ne.

Bayan zanen fari ne. To, dama fari ne, ni na sa ƙaro don kada ya ratsa, ni na… ɗan duhu duhu kawai, kamar inuwar ƙuda. Nan ne ciki. Nan ne ke taɓa jariri.

Adon zane waje yake kallo.

Ke kina ciki. Kumatunki a tsakiyar bayana, idonki a kan wuyana, abin da kike gani ke nan, wuya da gefen ɗankwali. 'Yan rijiya sun ga sawun zabo. 'Yan kasuwa sun gani, masu tafiya a bayana sun gani, har wata Bafillatana ta taɓa tsayar da ni tana tambaya. Gubuchi kaf ta gani. Ke kaɗai ce… Kuma shekara biyu, wa ke tuna shekara biyu? A atamfar Madina kika bar gidan nan. Da kika dawo kina da bakwai, zanen na madafa ya zama tsumma. Abin da ya faru a bayan rumbu kuwa kaji ne shaida, an yanka su tuntuni.

To me na yi wata biyar ina yi? Wa nake wa magana?

Za ki warware, ki ce, kai, Iya ta kyauta, sai dai tambarin mai bugun ya ɓalle. Madina ta ce, aikin ƙauye ke nan, a shimfiɗa wa jaririya ta yi fitsari a kai.

Ɗigo. A goshina. Wani a kan tabarma, wani — tashi, Indo, kwashe, kwashe! Na sama sun bushe, layin ƙarshe ne ɗanye, in naɗe shi ciki zai shafa, in bar shi waje ruwa… a ƙirjina, to, ya shafa a ƙirjina, ga shi nan ya hau rigata, sawu uku a juye.

“Salamu alaikum, masu gida! Ina mai saƙon Kudan? Yi maza, baiwar Allah, in tsere wa ruwan nan.”

Azumi. Da kayanta a ka, ko saukewa ba ta yi ba. Baƙuwa ce, daga Paki ta dawo bana, ba ta san kowa da kowa ba.

“Gidan Madina, kusa da masu rake. A ba mai jego.”

“Mai jego, gidan Madina. In ce daga wa?”

Iya. Faɗi mana, Iya ce ta aiko, kalma huɗu, bakina ya saba da su kamar bisimilla. Ga Iyar can ta yi shiru a ɗaki, ba barci take ba, na san tarinta na barci, wannan saurare ne. In na ce Iya, zanen ya tafi bebe, ya dawo mini da godiyar wata. In kuma na ce… a gaban baƙuwa, a gaban uwar miji, da rana tsaka, shekara goma sha tara ta zube a tsakar gida kamar —

“Baiwar Allah, ruwa fa. Mece ce ke a wurinta?”

Hannunta a miƙe. Ban saki ba, na ga yatsuna, baƙaƙe, sun ƙi buɗewa. Kalmar ba ta da tsawo. Jariri ma ya iya neman ta. Ga ta nan ta taso, ta zo maƙogwaro, ta tsaya inda sunanki ke tsayawa… ruwa na sauka a kan azara, a kan kasko, baƙin na tsinkewa yana bin ƙasa, bakina a buɗe, Azumi na kallona, Iya na jira, ni kuma na gaji, wallahi na gaji, ban san da wace murya ake faɗinta ba…