Injin Tafin Hannu

Shekara shida da yin ritaya, Mista Orest Bilyk bai daina tashi da sassafe ya goge takalmi ba, alhali babu inda za shi. Kewar aji ta hana shi sakat. Shi ya sa da Carla Dueck, tsohuwar ɗalibarsa da ta gaji kujerarsa a sakandaren garinsu a Manitoba ta ƙasar Kanada, ta bugo waya ta ce ya zo ya nuna wa yara injin nan nasa, bai ma bari ta dire magana ba.

Injin bai fi murfin kwano ba: faranti biyu, sama da ƙasa, da ɗan wili a bisa. Ɗumin tafin hannu kaɗai ke juya shi. Shekara talatin yana ɗora shi a hannu aji ya yi tsit.

Yau ma ya ɗora, ya tunkuɗa wilin da yatsa. Ya juya sau biyu ya tsaya. Ya sake, shiru.

"Malam, ko batirin ne ya mutu?" in ji wata mai taunar cingam.

"Ni ne batirin, 'yata."

Dariyar da ya fara ta mutu masa a baki. Ya san abin da ya faru, tsufa ya tsotse ɗumin hannunsa. Carla ta raɗa masa, "Malam, in kawo kofi mai zafi a ɗora a kai?"

Ransa ya sosu. Bai goge takalmi don kofi ya koyar a madadinsa ba.

"To, ku masu ƙwaƙwalwa," ya ce da yaran. "Zafi injin nan yake so, ko bambancin zafi tsakanin farantin sama da na ƙasa?"

Mai cingam ta daina tauna. "A sanyaya saman mana!"

"Buɗe taga."

Iskar Janairu mai sanyin ƙanƙara ta shigo kamar mari. Yara suna mita suna jawo riguna, shi kuwa ya tsaya bakin taga ya sake tunkuɗawa. Wili ya kama, cak, cak, cak. Suka yi masa caa da tambayoyi, yana amsawa, muryarsa ta da ta dawo. Sai ƙararrawa ta buga, kafin ka ce me aji ya watse.

"Malam, yatsunka sun yi fari fat," in ji Carla. "Bari in rufe."

Bai sauke hannun ba.

"Bar ta tukuna, Carla. Babu wani aji da zai shigo bayan wannan?"