Harafin Ralitsa

A ƙauyenmu, kamar ko'ina a Bulgeriya, ranar ashirin da huɗu ga Mayu ake bikin haruffa. Yara su ci ado, kowa ya ɗaga harafi ɗaya da aka yanka a kwali aka zagaye da furanni, a zaga dandali, shugaban ƙauye ya karanta jawabin da ya gada daga wanda ya gabace shi. Matsalar ɗaya ce. Haruffanmu talatin ne, yaran makarantar renon kuwa ba su kai rabin haka ba, don haka tsofaffi ke ɗaukar ragowar. An taɓa yin shekarar da wani tsoho ya riƙe nasa a kife har aka tashi, ba wanda ya lura.

Ni na yi digiri a kan adabi a Sofiya, babban birninmu, wanda ya ba ni damar sayar da tayal ɗin banɗaki a garin da ke kusa da mu. Ranar Alhamis nakan rufe shago da wuri in je in karanta wa yaran littafi, kyauta. Malama Minkova, shugabar makarantar, takan nuna ni ga baƙi ta ce ga mai aikin sa kanmu, da irin muryar da ake nuna sabon firji.

Cikin yaran akwai Ralitsa, 'yar shekara biyar, wadda kakarta Iya Tsonka ke riƙo. Uwarta, Desislava, tana Sifaniya tana jinyar tsofaffin wasu, ta bar tata tsohuwar da reno. Yawancin yaran haka suke, iyaye a waya, kakanni a gida.

Bara, bayan sabuwar shekara, Iya Tsonka ta tare ni a ƙofar makaranta da banitsa, wainar cukun da ake toshe bakin mutum da ita a nan. Ta ce Desislava za ta zo a watan Mayu, kuma tana ta maganar tafiya da yarinyar, wai zaman ƙauye yana dakushe kan yaro. Tsohuwar ta riga ta yi shirinta. In Ralitsa ta yi karatu a gaban jama'a ranar biki, uwar za ta ga ba a jeji aka bar 'yarta ba, sai ta ƙyale ta.

"Ka koya mata, ɗan nan," in ji ta. "Karatu na gaske, ba haddar aku ba. In ta tafi, da kaji zan riƙa hira."

Na ce mata ba dole ba ne ɗan shekara biyar ya iya karatu. Ta ce ni ma ba wanda ya ce dole in je jami'a, amma na je, ga shi kowa yana ganin amfaninsa a banɗakinsa. Na karɓi banitsar.

Yarinyar tana da kai. Littattafan makarantar ba su daɗe ba suka gundure ta, sai ta koma ga abin da ƙauyenmu ya fi arziki da shi a rubuce, wato takardun sanarwar mutuwa da ake liƙawa a ƙofofi da jikin bishiyoyi. Daga makaranta zuwa gida takan tsaya gaban kowace ta haɗa baƙi. Sunan marigayi kakanta da ke liƙe a ƙofar gidansu shi ta fara karantawa ba da taimakon kowa ba. Iya Tsonka ta yi kuka, ta kawo min ƙwai.

Ranar biki Ralitsa ta ɗaga harafin farko na sunanta. Bayan jawabi aka miƙa mata littafin da ba ta taɓa gani ba, ta karanta shafi guda, a hankali, yatsa a kan layi. Desislava tana ɗauka da waya tana share hawaye. Iya Tsonka ta dube ni daga nesa ta ɗaga haɓa, kamar wadda ta ci shari'a.

Da aka zauna cin abinci a gidansu, Desislava ta riƙe hannuna da hannu biyu. Ta ce a gaskiya ta zo ne da niyyar barin yarinyar a nan shekara ɗaya ko biyu, don tana tsoron baƙon harshe zai yi mata nauyi. Amma yau ta ga abin da ta haifa.

"Malam, kai ka buɗe min ido. Irin wannan kan, ai zunubi ne a bar shi a nan."

Iya Tsonka ba ta ajiye wuƙa ba. Ta gama yanka banitsar, ta zaɓi mafi girma ta sa min a faranti.

"Ci, Malam," ta ce. "Ka yi aikinka."

Uwa da 'ya sun tafi Sifaniya farkon Yuni. Na ji an ce can ma Ralitsa ta fi 'yan ajinsu, da haruffansu na can da ba irin namu ba.

Bana da biki ya zo, Malama Minkova tana rabon kwalaye ta miƙa wa Iya Tsonka harafin Ralitsa, don a ganinta karamci ne. Tsohuwar ta ce kafaɗarta na ciwo, a ba Malam, shi ya san darajarsa. Na ɗauka na bi layi, tsakanin wani yaro mai majina da wata gwauruwa. Ban riƙe shi a kife ba.