Makokin 'Yar da Ba Ta Mutu Ba

Dattijo Anselmo Berruti ya kashe 'yarsa da baki alhali tana da ranta. Ranar da Nelida ta bar shagonsa na ɗinkin takalma ta kama waƙa a dandali, ya ɗaura baƙin ƙyalle a hannun riga, ya ce wa mutanen unguwarsu ta Boedo 'yarsa ta mutu. Waɗanda suka san gaskiya suka yi shiru. Waɗanda ba su sani ba suka yi masa ta'aziyya, ya kuma amsa. Shekara shida yana wannan.

Wata Lahadi ya ga sunanta manne a bango. Wasanta na ƙarshe ne a Buenos Aires, babban birnin Ajantina, da la'asar, a tsohon babban gidan wasa, kuma ana tashi za ta wuce ta hau jirgin ruwa zuwa Italiya. Ya so ya ji muryarta, bai so a gan shi ba. Sai ya nemi ɗaya daga ƙananan ɗakunan nan na gefen dandali masu tagar ƙarfe, inda masu makoki ke kallo daga cikin duhu.

"Wa aka rasa, ranka ya daɗe?" in ji mai tsaron ƙofa.

"'Yata."

"Allah ya ji ƙanta. Ka san ƙa'ida, ku ne ƙarshen fita, sai jama'a ta watse." Ya ja ƙofa, ya murɗa makulli ta waje.

Ɗakin bai fi akwatin gawa biyu ba, sai warin ƙura da tsohon karammiski. Akwai wata tsohuwa mai takaba a ciki, Doña Casilda, tana tsotsar alawa.

"Matso, bawan Allah, ba na cizo," ta ce. "Haƙoran ma a gida na baro su."

Aka ɗaga labule. Ta ramukan ƙarfen, gutsure-gutsure yake ganin Nelida: hannu, wuya, gefen fuska. Muryar kuwa ta shigo ɗungurungum. Ya zauna riƙe da hularsa, gumi na bin bayansa, har aka kai waƙar ƙarshe.

Sai Nelida ta ɗaga hannu aka yi tsit.

"Duk wasan da na yi a garin nan, nakan ajiye wa mahaifina kujera a layin gaba," ta ce. "Na ce in ya zo yau, na fasa tafiya. Ga ta nan."

Ya ga kujerar. Taku biyar ne tsakaninsu, ba kowa a kanta.

"Nelida!"

Tafin mutum dubu biyu ya haɗiye kiran. Ya kama ƙarfen ya girgiza, ko yatsa uku ba sa fita ta ramin.

"Kai, kai! Nan ba a ihu," in ji tsohuwar. "Ka haukace ne?"

"'Yata ce!"

"Wacce? Mamaciyar?" Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta tsaya a kan baƙin ƙyallen. "To lallai ba ka iya binnewa ba, malam. Ga ta can tana karɓar furanni."

Ya juya kan ƙofa da duka, da hannu da kafaɗa da takalmi. Katakon itacen oak ne mai kauri, mai makullin kuma yana can bene yana sallamar manyan baƙi. Labule ya sauka. Anselmo ya koma jikin taga yana kallon mutane na fita a hankali, suna gyara riguna, suna tsayawa gaisawa. Wata mata ta dawo neman safar hannunta, aka jira ta.

Da aka buɗe, ya ture mai tsaron ya fita a guje. A ƙofar baya aka ce masa motarta ta daɗe da tashi. Da ya isa tashar jiragen ruwa, hayaƙi kawai ya tarar.

Nelida ba ta sake taka Ajantina ba. Wasiƙunsa goma sha ɗaya suka dawo ba a buɗe ba. Ya ƙara shekara tara yana ɗaure da baƙin ƙyallen, ya mutu a shagonsa shi kaɗai.