Humra a Jikin Ɗan Zomo

Tabitha na shigowa da damin harawa ta ji ƙamshin humra ya cika tsakar gida. Maƙwabciyarta Ya Zainaba ce, dawowarta daga biki ke nan, ta tsuguna gaban kejin zomaye da jaririn zomo a tafin hannunta, ja-wur, ko ido bai buɗe ba.

"Maman Justin, dubi abu kamar ɗan yatsa!"

"Kar ki mayar da shi! Ba ni shi nan!" Tabitha ta watsar da harawar. Uwar zomon nan in ta ji baƙon ƙamshi a jikin ɗanta, cinye shi take yi. Bara ma haka ta yi.

Tabitha ta murza hannunta cikin jiƙaƙƙiyar ciyawar kejin, ta karɓi jaririn ta shafe shi da warin uwarsa, ta tura shi cikin 'yan'uwansa. Uwar ta matso, hancinta na rawa. Ta sunsuna, ta sake sunsunawa, sannan ta ba su nono.

Tabitha ta sauke ajiyar zuciya. Ya Zainaba kuwa ta ƙura wa nata hannun ido.

"Maman Justin," ta ce a hankali, "biyu fa na taɓa."